Yadda Amarya Ta Fita Tsakar Gida: Nazarin Gyaran Wata Motar Bulon Roba a Maradi

A hutun ƙarshen Disamba ne ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha uku, ya shigo mini ɗaki da mota a hannu, fuska a murtuke. Motar ta bulon roba ce, irin ƙananan bulon nan masu shiga cikin juna da ake kira Lego. Tsawonta bai kai kamu guda ba, ja ce, ta kwanta ƙasa kamar kadangare, da ɗan inji mai aiki da batir a bayanta. Ya dire ta a simintin ɗaki, ya kunna, ya ɗan tura ta da yatsa, ta fyalla da gudu sai da ta daki ƙafar gado. Ya ɗauka ya fita tsakar gida, ya ajiye ta a rairayi, ya sake kunnawa. Inji ya yi wani ɗan gurnani. Taya ko motsi.

"Kawu, mi ya hana ta tahiya? Batir ɗin sabo ne fa."

Wannan tambayar ta ɗauke mu wata huɗu, kuma galibin kurakuran da aka tafka a hanya nawa ne. Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Maradi, na kuwa ɗauka abu ne da zan warware kafin shayina ya huce.

Kayan ba a kwali suka zo ba. Mahaifinsa ne ya tsinto su wurin 'yan gwanjo a babbar kasuwa, cikin wata leda da ta fito daga ɗaurin kayan wasan yara, ya biya jaka uku. Babu takardar da ke nuna yadda ake haɗawa. Da muka zazzage ledar a tabarma sai muka ga tarkace ne na gidaje daban-daban: bulo masu kauri da sirara, sanduna masu huji a jere, ƙusoshin roba baƙaƙe, sandunan aksul masu baki kamar alamar tarawa, faya-faye masu haƙora waɗanda makanikai ke kira pinyo, tayoyi iri uku, inji guda da akwatin batir ɗinsa, da kan wani ɗan mutum-mutumi wanda gangar jikinsa ta tsaya a wata ƙasar. Masu hujin da pinyo na cikin zubin da ake kira Technic, wanda kamfanin Lego ya fara fitarwa a 1977 don masu son abin da ke motsi da gaske, mai sitiyari da giya.

Abin da ya sa irin wannan leda take da amfani shi ne awo. Kamfanin, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a garin Billund na ƙasar Danmak a 1932, ya yi rajistar siffar bulon da muka sani yau a 1958, kuma bai sake awon ba tun daga nan. Bulon da aka zuba kafin a haife ni yana kama wanda aka zuba bara. A kan kowane bulo akwai 'yan tudu masu kama da maɓalli, waɗanda yaron ya laƙaba wa suna ƙuraje, sunan ya bi su a gidanmu. Daga tsakiyar ƙurji zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne, haka ma daga huji zuwa huji. Sai dai ba duk abin da ke ledar ne na asali ba. Na asali yana da sunan kamfanin a rubuce ƙanana a kan kowane ƙurji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kayanmu babu rubutu, na wasu kamfanoni ne masu kwaikwayo. Wasu suna kamawa ƙam har sai ka sa haƙori, wasu kuma ka haɗa ka ɗaga su zube. A ranar farko ban ba wannan muhimmanci ba.

Abin da ke cin yaron a rai yana waje, a lungu. Yaran unguwarmu ta Zariya har yanzu suna ƙera motar waya da ta gwangwani, da tayar tsohon silifa da aka yanke, suna tura ta da doguwar waya mai sitiyari a ƙarshe. Mu a zamaninmu motar kara muke yi, da ɓargon karan dawa da ɓawonsa. Motocinsu babu inda ba sa shiga. Tasa, mai inji, wadda aka kashe wa jaka uku, ba ta iya wuce ƙofar ɗaki. Suka sa mata suna Amarya. Kuma gaskiyarsu, domin tun da ambaliyar 1945 ta sa aka hau da garin nan bisa tudu, a kan rairayi muke zaune. Ka sauka daga kwalta, ka shiga yashi. Waɗanda suka zana waɗannan kayan wasa kuwa daɓen falo da kafet suke da shi a zuci.

Haƙora

Na kifa motar na duba cikinta. Yaron ya gano da kansa cewa idan ya sa babban pinyo a bakin inji, ƙarami a kan aksul, mota tana ƙara gudu. Na ce ya ƙirga haƙoran. Na bakin inji 24, na aksul 8. Wato inji ya juya sau ɗaya, taya ta juya sau uku. Amma pinyo ba ya ba da kyauta: abin da ya ƙara maka a gudu daga ƙarfi ya cire shi, don haka kashi ɗaya cikin uku kaɗai na ƙarfin murɗawar injin ke isa taya. A siminti hakan ya isa, tunda taya gangarawa kawai take yi a kan abu mai tauri. A rairayi kuwa nutsewa take yi, kullum tana fafutukar fita daga ɗan ramin da ta haƙa wa kanta. Na ce masa ya tuna mai a-daidaita-sahu da ya loda buhunan gero, ya ce zai tashi da giya ta huɗu.

Muka musanya su, mai 8 a bakin inji, mai 24 a aksul. Ba sai mun taɓa shasi ba, domin tazarar da ke tsakanin sandunan biyu ba ta canja ba. Akwai ƙa'ida mai sauƙi da ta yi mana aiki har ƙarshe: ka tara haƙoran pinyo biyu, ka raba da 16, abin da ya fito shi ne yawan hujin da ke tsakanin sandunansu. Takwas da ashirin da huɗu talatin da biyu, a raba da sha shida, huji biyu. Dalilin shi ne kowane haƙori yana ƙara milimita ɗaya a faɗin pinyo. Yanzu inji zai juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Tsakanin tsohon haɗi da sabo, ƙarfin da ke isa taya ya ninka sau tara.

Ta motsa. Ta yi kamar kamu biyu, sai cikinta ya dafe a yashi, tayoyin baya suna ta fesa ƙura. Motar tsere ce ya gina, tsakaninta da ƙasa ko ɗan yatsa ba ya shiga. Kowace taya tana da awonta a rubuce a gefe, kamar ta babbar mota. Waɗanda ya sa 43.2 x 22 ne, wato tsayi da faɗi a milimita, masu siririn roba. A ledar akwai wasu masu ƙiba, 56 x 26, amma guda biyu rak. Muka sa su a baya. Mota ta tashi ta baya ta dunƙufar da kai, kakarsa ta leƙo ta ce jar akuya ce ke shan ruwa. Sauran biyun ya samo su bayan an koma makaranta, wurin wani ɗan ajinsu, ya ba shi kan mutum-mutumin nan da gilashin mota guda a madadi. Babbar taya tana ɗan rage ƙarfi, tunda kowane juyi nisansa ya ƙaru, amma abin da muka samu a tsayi da faɗin tafi ya fi abin da muka rasa.

Gatan kwalta

Nan ne ilimin littafi ya fara kai ni ya baro. Da muka gwada ta a ɗaki na lura ba ta son kwana. Ka karya sitiyari, ta yi ta turza gaba tana jan ƙafa. Na san dalili: a kwana, tayar waje tana da doguwar tafiya fiye da ta ciki, amma mu mun ɗaure su a sanda ɗaya, dole su juya tare. Maganin wannan a babbar mota shi ne difaransiyal, kuma akwai guda a ledar, irin tsohon zubi mai haƙora 24 a gefe ɗaya, da 'yan pinyo uku da ke shiga cikinsa. Tunda haƙoransa 24 ne, ya zauna daidai inda wancan pinyo yake. Na raba aksul biyu na haɗa, ina jin kaina. A siminti ta riƙa kwana kamar ta kamfani.

A tsakar gida, da tayar hagu ta hau ɗan tudun yashi mai laushi, sai ta kama wulwulawa ita kaɗai, ta dama ta tsaya cik. Muka tura, ta yi taku kaɗan, ta sake. Yaron bai ce komai ba, ya dai dube ni.

Muna da maƙwabci makanike, dattijo, wanda ya yi shekaru yana tuƙi a hanyar Dakoro kafin ya buɗe gareji. Yaron ne ya kai masa motar ba da sanina ba, na same su da la'asar a kan benci, ya kifa ta a cinya yana juya taya ɗaya da yatsa yana kallon ɗayar tana juyawa baya.

"Mushe, kai ka sa mata wanga abu?"

Na ce ni ne.

"To ka yi mata gatan kwalta. Shi wanga ba ya son wahala. Duk ƙafar da ta samu sauƙi, ita yake bi."

Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin littafi, sai dai ni rabin shafin na tuna. Difaransiyal yana ba tayoyin biyu ƙarfi daidai wa daida. Idan ɗaya ta rasa abin kamawa, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, ɗayar ma wannan kaɗan ɗin take samu, ko da tana kan ƙasa mai tauri. Shi ya sa motocin da aka yi don daji suke da abin kulle shi. Ya ce su a hanyar arewa, in yashi ya yi yawa, har iska suke rage wa taya don tafinta ya baje. Ya matsa tayar motar da babban yatsa, ya ji ta lotsa, ya ce wannan kam an riga an rage mata.

Muka cire difaransiyal muka mayar da sanda guda. Kwana ya koma mai faɗi a siminti, amma a rairayi tayar ciki tana ɗan zamewa ba tare da gardama ba, babu wanda zai lura. Difaransiyal ɗin yana nan a gwangwani, yaron yana fito da shi lokaci-lokaci yana juyawa don sha'awa.

Gyaran gangar Abzinawa

Watan Fabrairu ƙurar hunturu ba ta gama sauka ba. Motar tana tafiya, amma da wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ta yashi tsakanin haƙora. Ƙarar ta dame ni. Wata rana na biya ta gareji na lakato giris a murfin kwalba, ban gaya wa mai garejin abin da zan yi da shi ba, na shafa wa pinyo biyun. Kwana biyu tana tafiya shiru kamar ɓarawo. A rana ta uku giris ya koma baƙin tuwo, duk ƙurar da da can za ta shiga ta fice yanzu ta samu wurin zama. Giris da yashi in sun haɗu dutsen wasa wuƙa ne. Kafin mako ya zagayo, ɗan pinyo mai haƙora 8 ya cinye, haƙora biyu suka karye. Shi ne mafi rauni a duk jerin, haƙoransa ƙanana, kuma shi ke ɗaukar duk wahalar injin. Guda ɗaya ne a ledar.

Da dattijon ya ji, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce giris na wurin da aka rufe ne, wanda ya shafa shi a fili ya gayyaci ƙasa biki. Akwai kuma wata illar da ba a gani nan take: tun 1963 ana zuba bulon da wata roba da ake kira ABS, kuma man da aka samo daga fetur yana iya sa ta tsattsage a hankali, musamman inda take a matse. Muka wargaza motar ɗaya bayan ɗaya, muka wanke da sabulu da tsohon buroshin haƙori. Kamfanin da kansa yana gargaɗin kada ruwan wanki ya wuce digiri 40, kada kuma a shanya a rana. Muka baza su a faifai ƙarƙashin rumfa. Yayata ta zo neman faifanta ta tarar da shi cike da haƙora.

Yaron ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana sosai. Ban ga laifinsa ba.

Sai ga matsala ta lissafi tsantsa: muna son inji ya juya wajen sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya, ba mu da mai haƙora 8. Ni na kawo shawarar mai 12 da mai 36, shi ma uku ne cif, tazara huji uku. Muka gwada a hannu. Mai 36 faɗinsa ya haura milimita 36, a kan aksul ɗin tayar da tsayinta 56 ne, abin da ya rage tsakanin haƙoransa da ƙasa bai kai milimita 10 ba. Garma ce za mu ɗaura mata. Na ce mu bari sai an samo wani mai 8.

Washegari ya zo mini da littafin aikinsa na makaranta, ya buɗe shafin baya. Ya zana sanduna uku. Mai 12 a bakin inji yana juya mai 20 a sandar tsakiya, a wannan sandar kuma akwai wani mai 12 da ke juya mai 20 a aksul. Sha biyu da ashirin talatin da biyu, huji biyu kowane mataki. A ƙasa ya rubuta 400 bisa 144, ya raba, ya samu 2.7 da 'yan kai. Wannan yaron ne malaminsu ke kuka da shi a kan lissafin ɓangare. Na bi lissafin sau biyu ina neman kuskure, babu. Haƙoran mai 12 sun fi kauri, nauyin ya rabu a mataki biyu, mai 20 kuma ƙarami ne, ya bar wa cikin motar sarari. Haɗin da ke cikinta ke nan har yau. Muka rufe ƙasan pinyo da siraran bulo masu santsi don yashi ya rage shiga, ba mu sake shafa mata komai ba. In ta dawo daga yawo, buroshi ne da hurawa da baki.

Sabon haɗin ya tono wani ciwon da ke ɓoye. Da ta gamu da tudu sai a ji ƙarar tsallaken haƙori, tarrr, wani lokaci ma shasin ya buɗe gida biyu, inji ya yi gefe. Pinyo biyu in suna aiki ture juna suke yi, bulon da aka ɗora a kan bulo kuwa ƙuraje kaɗai ke riƙe shi. Mahaifin yaron ya ce a zuba mata gam a huta. Na ƙi, yaron ma ya ƙi, kowa da dalilinsa. Ni ina ganin abin da aka manne ya daina zama abin gyara, shi kuma yana tunanin tirelar da zai gina da kayan nan gaba.

Maganin yana cikin awon bulon. Kaurin bulo milimita 9.6 ne, siririn kuma, wanda muke kira falle, 3.2, wato falle uku bulo ɗaya. Idan ka ɗora bulo mai huji, ka sa falle biyu, ka sake ɗora bulo mai huji, daga hujin ƙasa zuwa na sama milimita 16 ne, huji biyu cif. Sai ka kawo sanda mai huji ka tsayar da ita a gefe, ka soka ƙusa sama da ƙasa. Ta ɗaure ke nan, kamar yadda magini ke ɗaure gini da ginshiƙi. Muka yi haka wuri huɗu, biyu a kowane gefe. A nan ne kuma muka yi tankaɗe da rairaya: duk abin da zai shiga shasi ko ya riƙe sanda, sai mai rubutu a ƙurji. Na kwaikwayon muka tara su gefe don bodi, inda ba a neman ƙarfi. Wasu ƙusoshin na kwaikwayo ma da hannu suke zarewa, muka zubar.

Akwatin batir shi ne abu mafi nauyi a motar, batir shida ne a ciki. Da yana gaba, tayoyin baya masu ja ba su da abin da zai danne su. Da muka kai shi can ƙarshen baya, gaba ya yi sakayau, ka karya sitiyari ta ƙi ji. Muka riƙa ɗora motar a kan fensir a kwance muna neman inda take daidaita, har muka tsayar da akwatin a ƙasa-ƙasa, ɗan gaba kaɗan da aksul na baya. Batir kuwa ya ci mana kuɗi fiye da ledar kanta. Masu arha na teburin bakin titi ba sa kai yini. Daga baya na sayi masu caji, sai dai su kowane ɗaya bolt 1.2 yake bayarwa a maimakon 1.5, shida sun zama 7.2 a maimakon 9. Ta ƙara lafawa. Yaron ya yi ƙorafi, na ce in yana da kuɗin wancan ya saya.

A-kori-kura

Da aka zo bodi, babu wanda ya yi maganar mayar da ita motar tsere. Tsayinta da tayoyinta sun riga sun yanke hukunci. Gardamar ita ce wace irin a-kori-kura. Dattijon yana son Fijo 404, wadda ya fara tuƙi da ita, yana ta kwatanta hancinta da hannu. Yaron bai taɓa ganin tana tafiya ba, shi Land Cruiser yake so, irin mai buɗaɗɗen baya da ke zuwa kasuwannin ƙauye da mutane a saman kaya. Mai mota ya yi nasara. Gaban ne ya ba shi wuya, yana son raga da fitilu su kalli gaba, alhali ƙuraje sama suke kallo. Nan ma awo ne ya fisshe shi: falle biyar milimita 16 ne, daidai da faɗin ƙurji biyu, don haka za ka iya kwantar da gini a gefensa ya shige gurbin da aka bar masa ba tare da rata ba. Ya yi wannan gaban sau shida. Ni na farko ma ya yi mini, amma ba a tambaye ni ba. Ya so ya ɗora mata ƙarfen kaya a sama da tayar safaya biyu, muka ɗora muka ga ta fara nishi, ya sauke ɗaya.

Sauran sitiyari. Ba mu da na'urar sarrafawa daga nesa, injinmu kunnawa da kashewa kawai ya sani. Sitiyarin yana aiki da pinyo a kan sanda mai haƙora, an fito da sandarsa ta rufin mota, sai ka durƙusa ka murɗa da yatsa kana binta da rarrafe. Wanda ya warware wannan shi ne babban cikin yaran lungu, wanda ya raɗa mata Amarya. Ya leƙo wata rana ya tsaya yana kallo, ya ce me zai hana a sa mata waya irin tasu. Ya je ya lanƙwaso doguwar waya mai da'ira a ƙarshe. A ledar akwai wata 'yar gaɓa mai lanƙwasa ta kowane gefe tana juyawa, muka sa ta a saman rufin don wayar ta iya kwantawa baya. Haɗa waya da sandar roba ya gagare mu sai da dattijon ya yanko guntun tiyon mai na babur, ya shige bakin sandar ɗaram, aka cusa wayar ta ɗaya bakin aka naɗe da zaren roba. Doka ɗaya muka kafa: wayar ta juyawa ce, ba a tura mota da ita, domin turi yana komawa kan haƙora.

A cikin Afrilu muka fito da ita, da sassafe kafin rana ta buɗe, tunda a wannan watan iskar Maradi kanta tana haura digiri 40 ɗin da aka hana ruwan wanki. Dalilin da ya sa ma take kwana a kwalla ƙarƙashin gadon kakarsa ke nan, ba a barinta a rana, farin bulo in ya sha rana rawaya yake komawa. Muka auna tsakar gida da tef, mita 12 daga bakin ɗaki zuwa zaure. Da gwangwanin madara biyu cike da aya a baya, ta yi shi a daƙiƙa 36, ba ta tsaya ba, ba ta tsallake haƙori ba. Yaron yana biye da ita a tsaye, waya a hannu, yana taku ɗaya yana jira. A lungu motocin waya suka riƙa wuce ta suna zagayowa suna sake wuce ta. Amma kowa yana son a ba shi wayar ya riƙe, har aka kafa layi, mai laƙabin ne ke tsara shi. Sunan dai bai canja ba.

Akwai abin da bai gyaru ba. Sitiyarin yana da wasa, ka murɗa kusan kwata kafin taya ta amsa, saboda kowace gaɓa tana cin nata rabon. Ba ta da sifirin ko ɗaya, in ƙasa ba ta daidaita ba taya uku ke taka ƙasa, ta huɗu tana lilo. Kuma har yanzu ba ta iya haye dokin ƙofar zaure, sai an ɗaga ta an fitar, abin da yaran lungu ba sa bari ya wuce ba tare da guɗa ba. A shafin baya na littafin akwai sabon zane: aksul na gaba da aka rataye a ƙusa ɗaya a tsakiya, yana iya karkata hagu da dama ya bi ƙasa. Na duba, zai yi. Yana buƙatar doguwar ƙusa biyu masu rubutu da ba mu da su, kuma ya riga ya gaya wa mahaifinsa wurin wane ɗan gwanjo zai tsaya in an kwance sabon ɗauri.